Sinimar Nijar: inuwar giginya, na nesa ka sha

Ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO a 1972, kuma ƴaƴan wannan ƙasa suna cikin waɗanda suka fara riƙa kamera a Afirka ta kudu da Sahara. Amma fiye da shekaru sittin bayan fim na farko, mai yin fim mai zaman kansa yana nan yana neman kuɗin aiki a ƙofar wasu, mutanen karkara kuwa, waɗanda labarin nasu ne, su ne na ƙarshe wajen gani. Daga Tabla zuwa Filinge, ga yadda lamarin ya faro da inda ya tsaya.

Tabla da dare

Idan rana ta faɗi a Tabla, cikin kwarin Dallol Boso, kusa da Baleyara, gari ba ya yin tsit nan da nan. Bayan sallar lisha samari sukan taru a ƙofar shago ko wurin mai shayi, kai biyar ko shida bisa salula guda, haskenta yana wasa a fuskokinsu. Abin da ke cikin salular sananne ne: finafinan Kano, na Indiya da aka juya da Hausa, kokowar gargajiya, ƙwallon Turai. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Baleyara, mai cajin waya yakan kafa kwamfutarsa a rumfa, ya tura wa duk mai so finafinai cikin ɗan katin ajiya da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba.

Abin da ba kasafai ake samu cikin katin nan ba shi ne fim ɗin da ɗan Nijar ya rubuta, ya ɗauka a ƙasar Nijar. Yaron da ya haddace sunayen taurarin Kano da na Bombai, idan aka ambata masa Umaru Ganda, sai ya ɗauka gidan raya al'adu na Yamai ake nufi. Laifin ba nasa ba ne. Ba a taɓa kawo masa aikin mutumin ba balle ya ƙi.

Abin mamaki a nan shi ne, wannan yanki da ya miƙe daga Tagazar zuwa Kurfai, inda Hausawa da Zabarmawa da Abzinawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, yana da hannu cikin tarihin sinima tun kafin Nijar ta sami ƴancin kai.

Labarin da ya tashi daga Kurfai

A 1925, a yankin Shikal, kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan wasu iskoki da ba a saba gani ba a fagen bori. Iskokin nan sojoji ne da kumandodi da gwamnoni. Suna fareti, suna sara wa juna, suna wasa da wuta ba ta ƙona su. Aka kira su Babule, wasu kuma suka ce musu Hauka, sunan da ya fi bazuwa daga baya. Matasa suka bi Shibo da yawa, har abin ya rikiɗe ya zama ƙin biyayya ga sarkin Kurfai na lokacin, Gado Namalaya, wanda Turawan mulkin mallaka ke mara wa baya. Kumandan Crocicchia na Yamai ya sa aka kama su aka tsare, ba a jima ba shi kansa ya shiga sahun iskokin da sunan Kumandan Mugu. A 1927 aka murƙushe tarzomar, aka kori shugabanninta daga ƙasa. Sai dai iska ba ta ɗauruwa: ƴan cin rani suka tafi da ita har Gwalkwas, wato Gana ta yau.

Can Jean Rouch ya tarar da ita. Wannan Bafaranshe, wanda ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi kafin ya koma ga kamera, ya ɗauki bikin ƴan Hauka a bayan birnin Akra a 1954, da ƴar kamerar hannu da ake murɗa wa zare, wadda ba ta cika rabin minti tana aiki sai ta tsaya. Abokansa ƴan Nijar, Damure Zika da Lam Ibrahim Dia, su ne suka taimaka wajen ɗaukar sauti. Fim ɗin, Les Maîtres fous, ya tayar da ƙura tun ranar da aka fara nuna shi a Paris: wasu masana suka nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka suka ga cin fuska a ciki, hukumomin Ingila suka hana nuna shi a Gwalkwas. Duk da haka ya sami kyauta a birnin Venis a 1957, kuma har yau ana nazarinsa a jami'o'in duniya. A Shikal kuwa, inda abin ya samo asali, ba kowa ba ne ya ma san da shi.

Rouch kansa ya fahimci wannan giɓi. A 1954 ya koma Ayoru, a bakin kogin Kwara, da injin wuta da farin zane, ya nuna wa masunta fim ɗin farautar dorina da ya ɗauka a wurinsu. Suka kalla, suka sake kallo, sannan suka gaya masa kuskurensa: kiɗan da ya sa a kan hotunan ba shi da wuri, domin farautar dorina cikin shiru ake yin ta, kiɗa ƙarfin zuciya zai ƙara mata. Ya cire kiɗan. A wannan zama ne kuma wani mafarauci ya ba shi shawarar ya zo ya ɗauki masu farautar zaki da baka, aikin da ya ci shekaru kafin ya fito a 1965. Darasin Ayoru a fili yake: idan hoto ya dawo wa masu shi, sukan gyara shi, su kuma haifar da wani.

Shekarun farin jini

Ƴan Nijar ba su tsaya a matsayin masu riƙe wa baƙo kaya ba. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, makanike ne tun farko, kuma tun yana yaro yake haɗa akwati da fitila yana nuna wa tsararsa zane-zanensa a jikin bango. A 1962 ya fitar da Aouré, labarin aure a wani ƙauye na bakin kogi. Ya tafi Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, ya dawo da fasahar zane mai motsi: La Mort de Gandji na 1965, wanda ya sami kyauta a bikin Dakar na 1966, da Bon voyage Sim, inda kwaɗi ke kwaikwayon shugabannin ƙasa da tafiye-tafiyensu na alfarma. A 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga waje da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. A 1972 ya kawo FVVA, wato mata, gida, mota da kuɗi, inda ya yi wa sababbin ma'aikatan bariki zambo. A 1973, ana tsakiyar fari, ya yi Toula tare da Bajamushiya Anna Soehring, daga wani labari na Bubu Hama.

Umaru Ganda kuwa rayuwarsa kanta fim ce. An haife shi a Yamai a 1935, ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, aka kai shi yaƙin Indoshin, ya dawo bai sami aiki ba, ya gangara Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. Can ya haɗu da Rouch, ya zama tauraron Moi, un Noir a 1958. Da ya dawo gida sai ya kama kamera da kansa. Cabascabo, labarin tsohon soja da ya cinye kuɗin sallamarsa tare da abokan cin mushe, an nuna shi a Kan a 1969, ya kuma sami kyauta a Mosko a shekarar. Le Wazzou polygame shi ne ya ɗauki Étalon de Yennenga na farko a Wagadugu a 1972. A wancan zamani, idan ana lissafin ƙasashen sinima a Afirka ta Yamma, bayan Senegal sai a ambaci Nijar.

Kowa da sana'arsa ta biyu

Wanda ya ga jerin kyaututtukan nan zai zaci akwai masana'anta a bayansu. Babu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zamanin zaren fim mai milimita 16, komai daga waje yake zuwa: zaren kansa da tsada ake sayo shi, kuma da zarar an ɗauka sai an aika da shi Paris a wanke, domin babu ɗakin wanki a ƙasar. Mai fim yakan gama aikinsa a daji, ya sallami ƴan wasa, sai bayan makonni ya sami labarin cewa zafi ya lalata wani sashe ko yashi ya karce hoton. Haɗa fim ɗin ma sau da yawa a Paris ake yi, a ofishin sinima na ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa, wanda aka buɗe a 1963. Ofishin yakan biya kuɗin aikin, ya karɓi iznin nuna fim ɗin a cibiyoyin al'adunsa. Gidajen sinima kuwa, kamfanoni biyu na Faransa, COMACICO da SECMA, su ne suka daɗe suna riƙe da rarraba musu finafinai, kuma na kaboyi da na Indiya sun fi musu arha da riba. Ta haka fim ɗin ɗan ƙasa yakan ci kyauta a Turai kafin ya sami daren Asabar ɗaya a garinsu.

Saboda haka kusan babu wanda ya ci abinci da fim kaɗai. Damure Zika ma'aikacin jinya ne, kuma bai bar duba marasa lafiya a Lamorde ba har ƙarshen rayuwarsa a 2009. Lam yana fataucin kaji, kuma daga wannan sana'a tasa ce aka samo labarin Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda su huɗu, Damure, Lam, Rouch da Tallu Muzuran, suka yi, da tsohuwar motar da ke mutuwa a hanya cikin fim da wajen fim. Jingarai Maiga ma'aikacin kamfanin lantarki ne kafin ya fara wasa a finafinan Alasan. Shi kansa Alasan, bayan shekarun da ya yi yana shugabantar sashen sinima a jami'ar Yamai, Tawa ya koma ya buɗe otal, ya mai da wasu ɗakunan wurin aiki, kuɗin kwanan baƙi yana ciyar da ƴan tsanarsa da zane-zanensa. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015.

Lokacin da rijiya ta ƙafe

Masu fim sun hango matsalar da wuri. A watan Maris 1982 suka taru a Yamai daga ƙasashe da dama, suka fitar da sanarwar da ake kira Manifeste de Niamey. Abin da suka nema bai da wuyar fahimta: a riƙa cire wani kaso daga kuɗin tikiti a zuba cikin asusun yin finafinai, gidajen talabijin su shiga cikin ɗaukar nauyi, ƙasashe su haɗa kasuwa. An ma kafa hukumar rarraba finafinai ta ƙasashen Afirka, CIDC, a Wagadugu, ƙarƙashin jagorancin ɗan Nijar Inusa Useini, amma bashi da rashin cika alkawarin ƙasashe suka durƙusar da ita a tsakiyar shekarun 1980.

A gida kuma kuɗin yuraniyom ya faɗi, fari ya sake dawowa a 1984, tsarin tsuke bakin aljihu ya biyo baya. Umaru Ganda, wanda ya jira kusan shekaru takwas tsakanin Saïtane na 1972 da L'Exilé na 1980, ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 yana da shekaru 45. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake saye dala goma ya koma dala ashirin, duk abin da ake biya a Paris ya ninka cikin dare ɗaya. Bidiyo ta shiga gidaje, gidajen sinima irin su Vox da Zabarkan da Jangorzo suka yi ta ja da baya har suka rufe.

Jerin finafinan Jingarai Maiga ya isa ya ba da labarin wannan zamani. L'Étoile noire a 1976, Nuages noirs a 1979, Aube noire a 1983, sannan shiru na shekaru goma sha ɗaya kafin Miroir noir a 1994, sai Vendredi noir a 1999. Mutumin bai daina rubutu ba cikin waɗannan shekaru. Kuɗin zare da na wanki yake tarawa kaɗan-kaɗan, ya ɗauki abin da ya samu, ya dakata, ya sake tarawa.

Wadda ta fi kowa biyan farashi ita ce Zalika Sule. An haife ta a Yamai a 1947, ta fara wasa a 1966, ta fito a finafinan Alasan da na Ganda da na Maiga, ta wakilci Nijar a bukukuwa daga wannan ƙasa zuwa waccan. Da yake sau da yawa matsayin muguwar kishiya ko macen bariki ake ba ta, jama'a suka kasa raba wasa da gaskiya, ta sha zagi da tsangwama a titi. Fim ɗin da Rahmatu Keita ta yi a kanta, Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004, ya nuna ta cikin ɗan gida marar famfo tare da ƴaƴanta, tana ɗibar ruwa kamar kowace mace ta unguwa. Daga baya ta fita ƙasar waje aikatau. Ta rasu a Yamai a watan Yuli 2021. Babu fansho ga tauraruwa, domin a takarda sana'arta ba ta wanzu ba.

Akwatin talabijin da kaset ɗin Kano

An yi zaton talabijin za ta cike gurbin. Nijar ta fara talabijin ta lakkol tun 1964, kuma Télé Sahel ta kama aiki sosai a 1979. A zamanin Janar Seyni Kunce, ɗan Fandu a wannan yanki na Filinge, an rarraba akwatunan kallo masu aiki da hasken rana a ƙauyuka da dama, jama'a na taruwa a dandali da dare. Wasan kwaikwayo na Hausa, musamman na ƙungiyar Yazi Dogo da na ƴan wasan Damagaram, ya shiga zukatan mutane, har wanda bai je lakkol ba ya ga rayuwarsa a cikin akwati. Sai dai ƴan wasan nan yawancinsu malaman makaranta ne da ƙananan ma'aikata, suna yi don sha'awa, abin da ake ba su bai wuce na goro ba.

Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, tashoshi masu zaman kansu suka buɗe, Ténéré a 2000, wasu suka biyo baya. Allo ya yawaita, kuɗin sayen shiri bai yawaita ba. Al'adar da ta zauna ita ce, mai shiri ya kawo aikinsa, ya kuma zo da mai talla da zai biya kuɗin lokacin da za a nuna shi. Wato manomi ya noma, ya kai hatsi kasuwa, sannan ya biya mai saye.

A wannan tsakani ne Kano ta shigo. Tun daga Turmin Danya na 1990, matasan can suka gano cewa da kamerar bidiyo da kaset za a iya yin fim cikin kwanaki, a sayar a kasuwa, a mai da kuɗi, a sake yin wani, ba tare da jiran kowa ba. Kaset ɗin ya haura iyaka ta Maraɗi da Konni da Damagaram, ya cika gidajen kallo har cikin ƙauyukan Kurfai. Ƴan Nijar da dama suka bi sawunsa zuwa Kano, kamar mawaƙiya Fati Nijar. Masana na iya kushe waƙa da rawa da kwaikwayon Indiya, amma Kano ta yi abin da sinimar Yamai ba ta taɓa yi ba: ta rayu da kuɗin mai kallo.

Kamera ta yi arha, hanya ba ta gajarta ba

Zuwan kamerar zamani da kwamfuta ya kawar da wanki a Paris. An kafa cibiyar sinima ta ƙasa, CNCN, a 2008, makarantar IFTIC ta Yamai ta horar da matasa kan fim na gaskiya, wanda ba wasa a ciki. Wani sabon ayari ya taso. Sani Magori, masanin aikin gona ɗan Galmi, ya yi Pour le meilleur et pour l'oignon a 2008, inda ɗaurin aure ke jiran farashin albasa, sannan Koukan Kourcia, inda tsohuwar zabiya ta bi ƴan cin rani har Abijan tana kiransu su dawo gida. Aisha Maki ta Damagaram ta yi L'Arbre sans fruit a 2016 kan matan da ba su sami haihuwa ba, ya ci kyautar AMAA, sai Zinder a 2021 kan matasan unguwar Kara-Kara. Zin'naariyâ na Rahmatu Keita, na 2016, shi ne fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar.

Sai dai mai karatu ya duba sunayen da ke bi a ƙarshen irin waɗannan finafinai, zai ga kamfanonin Faransa da na Jamus da tashoshin waje. Hanyar ita ce: a rubuta dosiye da Faransanci, a kai shi gaban kwamiti a wata ƙasa, a jira watanni, a sami rabin abin da aka nema ko a rasa, a gyara a sake aikawa wani wuri. Fim na minti tamanin yakan ci shekaru huɗu ko biyar, mafi yawansu a gaban takarda. Kafin nan dole a ci abinci. Shi ya sa mai kamera yake ɗaukar bikin aure da na suna, da taron bita, da ƴan gajerun wasannin faɗakarwa da ƙungiyoyin agaji ke ba da kwangila kan rigakafi ko karatun ƴaƴa mata. Wata guda aljihu ya cika, wata uku babu ko kira. Kuma mai ba da kwangila shi ke zaɓen abin da za a faɗa.

Wanda ya ce zai ɗauki fim a Dallol kuwa, sai ya koyi kalandar manomi kafin ta kamera. Da damina kowa na gona, ba mai bar maka garma don ya maimaita magana sau biyar. Bayan kaka samari sun tafi cin rani, wanda aka fara ɗauka a Oktoba yana Kwatano ko Legas a Disamba. Hunturu na cusa ƙura cikin madubin kamera, bazara na kashe batir kafin azahar. Takardar izni daga Yamai ba ta wadatar ba sai an gai da maigari da liman, an bayyana wa magidanta dalilin da za a ɗauki matansu hoto. Ga harshe: mutane na magana da Zabarmanci ko Hausa ko Tamashek, mai ba da kuɗi yana son fassara da Faransanci a ƙasan allo, wadda yawancin masu labarin ba za su iya karantawa ba.

A kan duk wannan sai matsalar tsaro ta hau. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jahar Tilaberi, daga baya ta faɗaɗa, a 2020 kuma aka hana zirga-zirgar babura a wurare da dama. Taron dare a dandali, wanda shi ne ran majigi, ya zama abin taka-tsantsan. Ayarin Cinéma Numérique Ambulant, da ya fara yawo da allo a ƙauyukan Nijar a farkon shekarun 2000, irin aikinsa sai inda hanya ke da lafiya.

Guntun gatarinka

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, dangantaka da Faransa ta yanke. Cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai, wadda ta ɗauki sunan Jean Rouch bayan rasuwarsa a hatsarin mota kusa da Birnin Konni a Fabrairun 2004, an sauya mata suna a Oktoban 2024 ta koma ta Mustafa Alasan. A Maris 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda asusunta ya daɗe yana tallafa wa finafinan Afirka, kuma a wannan wata ne aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ga mai fim mai zaman kansa, wannan na nufin wasu ƙofofin da ya saba ƙwanƙwasawa sun rufe ko sun ƙuntata. Tambayar da aka yi ta ɗagawa tun 1982 ta dawo, kuma yanzu babu wanda za a tura wa ita.

Sunan Alasan a jikin bango girmamawa ce da ta dace. Amma a 2017, gidan adana kayan fasaha na MoMA a birnin New York ya shirya makon finafinansa, alhali yaran Tawa da na Filinge ba su san kwaɗinsa ba. Yawancin zarurrukan asali na wancan zamani suna ajiye a Turai. Dawo da kwafinsu, da juya su da Hausa da Zabarmanci da murya maimakon rubutu, da saka su cikin shirin lakkol da na talabijin, aiki ne da bai fi ƙarfin ƙasa ba. Haka nan asusun da ake zuba wa kuɗi kowace shekara bisa doka, da tilasta wa tashoshi sayen wani kaso na aikin gida da farashin da aka sani, da rajistar ƴan wasa da masu kamera domin kada wata ta sake tsufa kamar yadda Zalika ta tsufa. Kamfanonin salula, waɗanda hotuna ke bi ta layukansu dare da rana, su ne gidajen sinima na yau, kuma abin da aka nema daga tikiti a 1982 ana iya nemansa daga gare su.

Masu fim su ma da nasu. Mai tura finafinai a kasuwar Baleyara ana kallonsa a matsayin ɓarawon zaune, alhali shi kaɗai ne mai rarrabawa da ya isa inda babu wanda ya isa. Yin ciniki da shi ya fi yin fushi da shi. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma Kano ta nuna cewa ƴan kuɗin talaka, idan suka taru, suna ɗaukar nauyin fim.

A Tabla akwai bango, akwai farin zane, akwai jama'ar da ba ta gaji da kallo ba. Abin da Ayoru ta samu a 1954 bai wuce wannan ba, sai injin wuta da mutumin da ya ɗauki wahalar dawowa. Jikokin waɗanda suka ga zamanin Shibo suna da haƙƙin su ga abin da aka ɗauka daga tarihinsu, su faɗi inda aka yi daidai da inda aka sa kiɗa ba a wurinsa ba. Hukumomin da abin ya shafa su ne za su ce ko wannan zai faru a zamaninsu.